Jakar da Aka Binne a Gindin Gawo

Bilkisu ta fara sana'ar garin kunun gyaɗa ne a tsakar gidansu da ke Gwammaja, da kasko ɗaya da rariya biyu da jarin da bai kai kuɗin buhun gyaɗa ba. Ta soya, a kai inji, ta haɗa da garin shinkafa da ɗan kayan ƙamshi, ta ƙulla a farar leda, yara su kai wa maƙwabta. Cikin shekara biyu garin ya yi suna, har matan ma'aikata suna aiko direba daga Hotoro da Kabuga. Daga nan ta fara hangen manyan kantunan nan masu sanyi. Ranar da ta kai samfur ɗaya daga cikinsu, manajan bai ko kwance ledar ba. Ya juya ta a hannu, ya ce wannan ƙullin na bakin kasuwa ne, ta je ta samo mazubi irin na zamani tukuna.

A kasuwar baje koli ta titin gidan Zoo ta haɗu da wani dillali. Ya shimfiɗa jakunkuna a kan tebur, ruwan ƙasa, in ka taɓa kamar takardar siminti mai laushi, da zif a baki. A gaban kowace an zana koren ganye, a ƙasa kuma ga kibiyoyi uku suna bin juna, ga wani rubutu na Turanci da manyan baƙaƙe.

"Hajiya, wannan ita ake yayi a Turai," in ji shi. "In an gama da ita a yar kawai. Ƙasa za ta cinye ta kamar busasshen ganye. Ga shi nan a rubuce, ba ni na faɗa ba."

Kuɗin jakar ya ninka na leda sau huɗu. Bilkisu ta kwana biyu tana lissafi, ta sayar da 'yan kunnenta na zinariya, ta sayi guda dubu biyar. Ta sa aka buga mata sunan garinta a kai, a ƙarƙashinsa kuma aka rubuta da Hausa cewa wannan jaka abokiyar muhalli ce, tana narkewa a ƙasa. Ba yaudara ta nufa ba, a faɗi gaskiya. Ita kanta ledar da ke toshe kwalbatin layinsu duk damina tana damunta, ta kuma ji daɗi da ta samu hanyar cin riba ba tare da ta ƙara wa lamarin ba. Kantuna uku suka karɓi kayan a mako guda.

Da damina ta kusa faɗuwa sai ta ɗauki jaka goma ta kai wa kakanninta tsaraba a ƙauyensu, can gabas da Kano ta wajen Gezawa. Ta tarar da kakanta, Malam Audu, a gona, ya durƙusa a gaban tarin shara yana tsince-tsince.

Wanda bai san noman kewayen Kano ba zai yi mamakin ganin shara a gona. Gonakin nan an daɗe ana noma su shekara bayan shekara ba hutu, tun zamanin kakanni, abin da ya riƙe su kuwa taki ne: kashin dabbobi, toka, da sharar birni. Jaki ya shiga birni da itace ko kara, ya fito da mangala cike da shara, a zube a gona kafin ruwa. Toka da ɓawon rogo da kashin tumaki da tsohon tsumma, duk ƙasa tana haɗiye su. Yanzu tifa ce take kawo sharar, kuma kafin a baza ta sai an zauna an tsince leda da hannu, a tara a ƙona, wadda ta kuɓuce kuma garma ta tono ta baɗi.

"A'a, amarya ce da kanta?" in ji tsohon. "Kin zo ki taya angonki tsintar kayan mutanen birni?"

"Ai na kawo maka maganin abin, Malam," ta ce, tana miƙa masa jaka. Ta karanta masa rubutun, ta nuna masa ganyen, ta maimaita masa abin da dillali ya ce.

Malam Audu ya daɗe yana murza jakar a tsakanin yatsu. Watanni biyu kafin nan akuyarsa mai ciki ta daina cin abinci, ta rame, cikinta ya yi tauri. Da aka yanka ta, mahauci ya zaro dunƙulen leda daga tumbinta kamar kan yaro. Bai gaya wa Bilkisu wannan ba sai daga baya. Ya dai ce, "To, madalla. Amma gani ya kori ji. Ki juye wa kishiyarki garin jaka biyu a kwano, ki kawo mini jakunkunan."

Ya haƙa rami kamu biyu a gindin gawon da ke tsakiyar gona. Ya saka jaka ɗaya, ya saka baƙar leda ta kasuwa, ya saka ganyen da aka kwance daga huhun goro, ya mayar da ƙasa, ya ɗora dutse. Ɗaya jakar kuma ya soke ta a jikin darnin bayan gida, inda rana take dukanta tun safe.

"Ki dawo bayan an yi girbi," ya ce. "In ƙasa ta ci, ni zan fara yi miki talla a kasuwar Gezawa."

Bilkisu ta yi dariya ta koma gida, ta ma manta da zancen.

Baban bola ne ya tuna mata. Sama'ila yana zuwa layinsu duk Asabar da kurarsa, yana sayen tsoffin robobi da gwangwanaye da ƙarafa a kan sikeli. Bilkisu ta tara masa jakunkunan da suka lalace wajen liƙewa, kusan cikin buhu. Ya ɗauki ɗaya, ya yaga da haƙori, ya ɓare ta kamar albasa.

"Anti, wannan ba ta da kasuwa. Ko kyauta kika ba ni, nauyi ce."

"Ba ka ga alamar ba? Kibiyoyin nan suna nufin ana sake sarrafa ta."

"Ni ban san kibiya ba, na dai san abin da masu inji suke karɓa. Duba nan." Ya nuna mata fallen waje, takarda. Ya nuna na tsakiya, mai ƙyalli kamar cikin ledar madara. Ya nuna na ciki, leda zalla. "Abu uku aka manne. Mai takarda ba ya so saboda leda, mai leda ba ya so saboda takarda da wannan mai ƙyallin. Wa zai zauna ya raba su? Ledar fiya wata ma ta fi ta daraja, ita aƙalla ana auna ta."

Maganar ta tsaya mata a rai. Da yamma ta kira yayanta Nura, ɗan wan babanta, wanda yake kula da injin niƙa roba a Sharaɗa, washegari ta same shi a wurin aiki. Tsaunuka ne na goruna da fasassun bokitai da kujeru, mata da yara suna warewa, inji yana ƙara, niƙaƙƙiyar roba tana zuba a buhu. Nura ya kifa wata gorar ruwa ya nuna mata gindinta.

Ya ce alamar da take gani iri biyu ce aka cakuɗa. Kibiyoyi uku na asali wani ɗalibi ne a Amurka, Gary Anderson, ya zana su a 1970, a gasar da wani kamfanin kwali ya shirya, kuma ba a mallaka wa kowa su ba, shi ya sa duk wanda ya ga dama yake bugawa a kayansa. A 1988 kuma ƙungiyar masu masana'antar roba ta Amurka ta fito da lambobi daga 1 zuwa 7, ta saka su a cikin kibiyoyi masu kama da waɗancan. Lambar ba ta ce za a sake sarrafa abu ba, irin robar kawai take faɗa. Lamba 1 ita ce gorar ruwa da ta lemo. Lamba 2 jarka. Lamba 4 leda mai laushi. Lamba 5 bokiti da robar abinci mai murfi. Lamba 6 ita ce farar robar nan mai kumfa da ake zuba shinkafa a wurin biki, wadda Jihar Legas ta haramta a farkon 2024.

"To 7 fa, Yaya? Don ita ce a jikin tawa."

"Bakwai tarkace ke nan. Duk abin da bai shiga sauran shidan ba. Mu nan in mun ga bakwai, gefe muke turawa."

Ruɗanin ya yi yawa har a 2013 hukumar da ke riƙe da ma'aunin a Amurka ta sauya kibiyoyin da ke kewaye da lambar zuwa alwatika kawai, sai dai masana'antu da yawa ba su sauya ƙirarsu ba. Jihar Kalifoniya ma ta yi doka a 2021 don hana buga kibiyoyin a kan abin da ba a sake sarrafa shi a zahiri. Kuma ko robar da ake iya sarrafawa, kaɗan ce take komawa inji. Rahoton da ƙungiyar OECD ta fitar a 2022 ya ce kashi 9 cikin 100 ne kacal na sharar roba ta duniya ake sake sarrafawa. Saura ana binnewa, ana ƙonawa, ko tana yawo a iska tana maƙalewa a ƙaya.

"Amma ai tawa ba sai an sarrafa ta ba," in ji Bilkisu, muryarta ta ɗan yi ƙasa. "An ce narkewa take yi."

"Wannan kuma ki tambayi Malama Rabi. Ni niƙa na sani."

Malama Rabi aminiyar mahaifiyar Bilkisu ce, ta shekara ashirin tana koyar da kimiyyar sinadarai a makarantar 'yan mata. Ta sa tabarau ta karanta ƙananan baƙaƙen da ke bayan jakar, waɗanda Bilkisu ba ta taɓa kula da su ba, ta yi tsaki.

"'Yata, an sayar miki da rabin magana."

Ta bayyana mata cewa ledar cikin jakar leda ce ta man fetur kamar kowace, illa an zuba mata wani sinadari da yake sa ta yi saurin tsufa idan rana da iska suka dake ta. Tsufa kuwa ba ruɓewa ba ne. Ganye idan ya ruɓe, ƙwayoyin halittar ƙasa sun cinye shi, ya zama taki. Ita wannan farfashewa take yi, ta zama gutsattsari, ido ya daina gani amma tana nan. Saboda haka Tarayyar Turai ta hana sayar da irinta tun daga watan Yuli na 2021. Wato abin da aka ce mata ana yayi a Turai, a can ɗin ma an kore shi ne. Akwai kuma wata leda ta daban da ake yi daga masara ko rake, wadda take iya zama taki da gaske, amma yawancinta sai an kai ta masana'antar taki inda ake riƙe zafi kusan digiri 58 da laima na makonni. A bolar unguwa ko a cikin kwata babu wanda ya yi mata wannan alkawari. Masu bincike a Jami'ar Plymouth ta Ingila sun binne irin waɗannan jakunkuna masu da'awar narkewa, bayan shekara uku suka tono su, wasu har aka zuba musu kayan cefane suka ɗauka. An buga sakamakon a 2019.

"Ashe Malam bai san ya yi aikin jami'a ba," in ji Bilkisu, ta ba ta labarin ramin gindin gawo. Malama Rabi ta yi dariya har da tafi.

Wannan dabara ta shafa wa kaya koren launi don a saya ta daɗe. A 1986 wani ɗan rajin kare muhalli a Amurka, Jay Westerveld, ya raɗa mata suna bayan ya lura da otal-otal da ke roƙon baƙi su maimaita tawul wai don ceton duniya, alhali kuɗin wanki suke ragewa. Ni dai abin da na lura da shi a kantunanmu shi ne, mai irin wannan da'awa ba ya cika yin ƙarya tsagwaronta. Zai zana ganye, kuma ganye bai ce komai ba. Zai zaɓi ruwan ƙasa, don ido ya ɗauka takarda ce. Zai ce ana iya sarrafawa, ya bar maka tambayar a wace ƙasa, kuma wa zai kai. Kai ne za ka ƙarasa ƙaryar da kanka a zuciyarka, sannan ka biya kuɗinta.

Bilkisu ta kira dillalin. Bai yi musu ba, bai kuma ba da haƙuri ba. "Hajiya, kowa haka yake rubutawa. Kayanki ba sa tafiya ne?" Suna tafiya. Abin da ya hana ta barci ke nan.

Ranar da ta koma ƙauye an riga an yanke gero, dawa ta sunkuyar da kai, gawon kuma ya fara fitar da sabon ganye kamar yadda ya saba idan sauran itatuwa suka fara zubar da nasu. Malam Audu ya ɗauko fartanya, matarsa Inna Yalwa ta biyo su da carbi a hannu don kada a ba ta labari. Ya kawar da dutsen ya tona. Ganyen goro babu ko alamarsa. Baƙar leda tana nan yadda aka saka ta. Jakar Bilkisu kuwa gara ta cinye takardar waje tas, har da koren ganyen da rubutun abokiyar muhalli, ta bar wani falle mai ƙyalli da zif ɗinsa. Tsohon ya kaɗe shi, ya buɗe zif ɗin ya rufe, yana aiki sarai.

"Ƙasa ta ci rubutun," ya ce. "Jakar ce ta ƙi."

Suka zagaya bayan gida. Ta jikin darni ta koɗe ta yi fari. Da ya taɓa ta sai ledar cikinta ta ruguje a hannunsa kamar tsohon ɓawon ƙwai, iska ta kwashi gutsattsarin ta watsa, kaji suka rugo suna tsattsaga. Inna Yalwa ta kore su da mayafi tana salati.

"Kin gani, amarya? Baƙar ledar nan da nake zagi, in na gan ta ina tsince ta ɗungurungum. Wannan da me zan tsince ta, da allura? An yi gudun gara an faɗa gidan zago."

Da daddare suna zaune a tsakar gida, Bilkisu ta yi shiru, ta kasa cin tuwo. Can ta ce ita yanzu ba ta ma san me ake nufi da ɗorewar nan da ake ta faɗa a rediyo ba. Malama Rabi ta gaya mata cewa kalmar ta bazu ne daga rahoton wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1987, wanda Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Norway ta jagoranta, kuma ma'anarsa ita ce mutanen yau su biya bukatarsu ba tare da sun tauye wa na gobe hanyar biyan tasu ba.

"Sai da aka tara kwamiti kafin a gano wannan?" in ji Malam Audu. "Gonar nan kakana ya noma ta, ubana ya noma ta, ni na noma ta shekara hamsin, kuma ban karɓe ta a gajiye ba. In na miƙa wa su Nura ita tana tofar da leda, na ci amana, ko da rumbuna ya cika."

Inna Yalwa ta turo ƙwaryar da take dama fura a ciki. Ɗinkin gyartai uku ne a jikinta. "Wannan da ita aka kawo ni gidan nan, kishiya. Ba a rubuta mata komai a jiki ba."

"To Inna, in zuba gari a ƙwarya in kai kanti?"

Tambayar tana da nauyi, kuma duk mai cewa a koma ganye da ƙwarya kawai bai taɓa sayar da gari a watan Agusta ba. Garin gyaɗa yana da mai, in laima ta shige shi sai ya yi ɗaci ya yi fumfuna, kuma buhun garin da ya lalace asarar gona ce da itace da wutar inji, wadda ta fi asarar ledar da za ta kare shi. Takarda ma ba waliyyiya ba ce. Hukumar muhalli ta Ingila ta yi lissafi a 2011 cewa, ta fuskar hayaƙin da ke ɗumama duniya, sai an yi amfani da jakar takarda sau uku kafin ta kamo ledar kanti da aka yi amfani da ita sau ɗaya, jakar auduga kuwa sau 131. Ƙwaryar Inna Yalwa ta yi nasara ne da yawan shekarun da ta yi tana aiki. Da a ce kullum sai an fafe sabuwa an yar, da gonar duma ba ta ishi gida ɗaya ba.

A hanyar komawa Kano, motarsu ta tsaya a bayan wata babbar motar lemo, kwalabe babu komai a ciki suna ta ƙara a cikin kires, za a mayar da su kamfani a wanke a sake cikawa. Bilkisu ta tuna lokacin da ake aikenta sayen lemo, mai shago ya ce sai ta kawo kwalba ko ta ajiye kuɗinta.

Ta sayi robobi masu murfi, lamba 5, irin waɗanda Sama'ila yake saye da murna in sun fashe. Duk wadda ta dawo da roba a wanke, ana rage mata kuɗi a sabon gari. Kayan kanti kuma ta koma leda mai kauri falle ɗaya, ba takarda, ba ƙyalli, ba ganye a jiki. Sauran jakunkuna dubu biyu da ɗoriya ba ta zubar ba, don zubar da su ba zai mayar da su inda suka fito ba. Ta sa ƙannenta suka zauna da baƙin alƙalami suna shafe layin da ya ce tana narkewa, har suka ƙare. Kanti ɗaya ya daina karɓar kayanta, manajan ya ce sabuwar ledar ba ta da kwarjini a kan kanta. 'Yan kunnen zinariya ba su dawo ba a shekarar.

Robobin ma ba duka suke dawowa ba. Cikin goma, shida ko bakwai ne suke komowa, wasu da warin manja, sai an jiƙa su kwana guda. Sauran suna kicin ɗin mutane cike da gishiri da kuka da barkono. Inna Yalwa ta riƙe uku ta zuba daddawa, ta ce duk mai so ya zo ya ƙwata.

Da Bilkisu ta je ƙauye a kaka ta gaba, tun daga nesa ta hango wani abu yana walƙiya a tsakiyar dawa. Malam Audu ya ɗaure fallen nan da ya tono a kan dogon kara, iska tana kaɗa shi, tsuntsaye suna kewayewa ba sa sauka.

"Kayan lefenki ne, amarya," ya ce. "Damina biyu ke nan, ko yagewa bai yi ba. In akwai saura ki aiko mini da guda biyar, gonar gero ma tana so."